Loma Uku

Loma ta huɗu ce ta kayar da Sailuba.

Ukun farko sun wuce lafiya, kamar yadda likita ya ce za su wuce. Ta huɗun kuwa don idon Hadiza kawai ta kai ta baki, domin yarinyar ta tsaya mata a ka, hannu a ƙugu, tana leƙen kwanon dambun kamar wadda aka aiko bincike. Ba ta gama haɗiyewa ba ƙirjinta ya ƙulle. Ta tashi da gudu ta durƙusa a bakin rariya, duk abin da ta ci ya dawo.

"Ikon Allah..." in ji Hadiza daga bayanta. "Girkin Iya ne yanzu yake sa ki amai?"

"Ba haka ba ne. Don Allah ki ce mata ya yi daɗi."

"Abin da na gani zan faɗa."

Ta rufe kwanon ta ɗaure shi a ɗankwali ta fice. Juma'a ta biyar ke nan da kwanon Iya Mariyamu ya koma Ƙofar Kuyambana da nauyinsa, ga bikin Sailuba da Nasidi, ɗan Iyar tilo, saura wata biyu.

Wanda bai san Sailuba a da ba ba zai gane girman wannan magana ba. 'Yar Malam Shehu ce, mai karantarwa a zauren gidansa a cikin birnin Zariya. Tun tana ƙarama jiki ya zo mata, ya kuma ƙi tsayawa. Kafin ta kai ashirin da huɗu sai ta karkace take wuce ƙofar ɗakinta, a zaune take salla, in ta je ƙofar gida ta dawo sai ta yi haki kamar wadda ta yi dakan yini. Mutane kuwa ba su raga mata ba, har waɗanda ba su da abin da za su nuna sai ƙashin wuya.

Nasidi ne kaɗai bai taɓa yin dariya ba. Tela ne, kuma rigarta ya fara sani kafin fuskarta. An kai masa ɗinki da rigar gwaji, abokan aikinsa suka shimfiɗa ta suna shewa, shi kuwa ya karɓe ya ninke, ya yi mata aikin wuyan da bai taɓa yi wa kowa ba. Daga baya ya bi sawun rigar har zauren Malam. Shekara uku yana zuwa zance, kullum maganarsa ɗaya: yadda take ɗin nan yake son ta.

Uwarsa ma ta so ta, amma ta nata hanyar. Iya Mariyamu ba ta iya daɗin baki ba, in tana son ka sai dai ta ciyar da kai. Tun da aka sa rana, duk Juma'a sai ta turara dambu da zogale da man shanu ta ba Hadiza, 'yar ƙaninta da take riƙo, ta kai wa surukarta. Sailuba takan share kwanon tas, Iya kuwa ta yini tana nuna wa maƙwabta, wai ga yarinyar da ta yarda da hannunta. Hadiza ce kawai ba ta murna da aiken, don ta daɗe tana ganin ɗakin Nasidi ya fi dacewa da ita.

A daminar 1994 Sailuba ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Likita ya gaya wa Malam gaskiya: zuciyarta ta gaji da ɗaukar jikin. Yayanta Mika'ilu, da aikin gwamnati ya kai Alƙahira, shi ya sa aka kai ta can. Likitocin can suka buɗe cikinta, suka ɗinke tumbin, suka bar mata 'yar jakar da ba ta fi ƙwan kaza ba.

Malam ya amince ne don ceton rai, amma ya san garinsa. Ya san gobe za a ce malami guda ya bar 'yarsa ta je an sāke mata halitta don kwalliya. Saboda haka ya kafa doka: a ce maganin hawan jini ta je, kada kowa ya ji, har Nasidi, sai bayan an ɗaura aure. Sailuba ta yi alkawari, har da ɗan jin sauƙi, don ita ma ba ta san da wane baki za ta gaya wa mutumin da ya ce yana son ta haka cewa ta je an rage ta ba.

Ba wanda ya gaya mata cewa ramewa ma ciwo ce. Cikin wata shida fatar damatsanta ta saki tana reto. Gashinta ya riƙa bin mataji. Sanyi take ji ko da rana tsaka. Awarwaron da Nasidi ya ba ta, wanda da sai da sabulu yake shiga, yanzu da kansa yake sulalewa in tana alwala. In 'yan gida sun kewaye tuwo, ita tana gefe da ƙaramin cokali, ta yi loma uku ta ajiye, cikinta ya cika amma idonta bai ƙoshi ba. Tana kewar abinci kamar ƙawar da ta rasu, kuma ba wanda za ta gaya wa, don duk gidan cewa suke ta gode wa Allah. Tana godewa. Kuka ne dai bai daina zuwa ba.

Da Sailuba ta dawo ta murmure, Iya ta ci gaba da aiko kwano. Juma'ar farko, mahaifiyar Sailuba ta juye wa mutanen gida. Hadiza ta gani, ta kai labari da ƙari. Daga nan ta riƙa tsayawa sai an ci a gabanta. Kuma ta iya kai magana, ba ta zargin kowa, tambaya kawai take yi. Ko dai Sailuba na tsoron an zuba mata wani abu ne a ciki? In kuma ba haka ba, mace ta je ƙasar waje ta dawo tana zubewa, ga shi kullum rediyo na maganar ƙanjamau... Baffannin Nasidi suka ɗauki ta biyun. Iya kuwa ta farkon ce ta soke ta. Ita, da ta yi shekara talatin tana ciyar da unguwa, yau ita ake tsoron sammu a hannunta? Ta rantse akwatunan lefe ba za su bar ɗakinta ba.

Ranar Asabar bayan la'asar Nasidi ya zo. Ya zauna a ƙaramin zaure, bai ko taɓa ruwan da aka kawo ba. Ya kwance wani ƙulli a gabanta, sai ga ƙyallaye dogaye, atamfa da leshi, an ninke su da kyau.

"Kin san waɗannan?"

Ta san su. Gefen rigunanta ne.

"Sau huɗu ina rage miki kaya, Sailuba. Duk abin da na yanke ban iya zubarwa ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Ban damu da abin da baffannina ke faɗa ba, wallahi ban damu ba. Abu ɗaya nake so ki gaya mini, hasken raina..." Ya ɗago ya dube ta. "Mutuwa za ki yi ki bar ni?"

Da zarginta ya yi, da ta samu abin riƙewa. Wannan kuwa ba ta shirya masa ba. Maganar ta zo har bakinta, sai ta jiyo muryar Malam daga babban zaure yana biya wa ɗalibansa karatu. Ta ce masa lafiyarta ƙalau. Ya daɗe yana kallon wuyanta da ya fito, sannan ya tattara ƙyallayensa ya tafi ba tare da ya ce sai yaushe ba.

Juma'a ta zo, har aka sauko daga masallaci ba kwano, ba Hadiza. Duk gidan aka gane ma'anarsa.

Washegari da hantsi ta durƙusa a gaban mahaifinta. Ta ce ta riƙe alkawarinsa wata shida, yanzu yana neman cinye mata aure, tana roƙon ya sake ta. Malam ya ce wanda zai aure ta don Allah zai jira, ya mai da idonsa kan littafi. Ta ce to ya yafe mata, don za ta je ta gaya wa Iya gaskiya. Bai ɗago ba. Ba ta taɓa saɓa masa ba tun da aka haife ta, amma ta tashi ta ɗauki mayafi.

A ƙasa ta tafi, ta lungunan da rabonta da su tun tana 'yar makaranta. Mata na leƙowa, wasu ba su gane ta ba, waɗanda suka gane suka kama baki. Sai da ta hango ganuwa ta tuna ba ta tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ke nan, ga shi ya zo a ranar da ba ta da zuciyar yin murna.

Budurwa ba ta taka gidan surukai kafin a kai ta, kowa ya sani. Shi ya sa da ta yi sallama, Iya Mariyamu ta saki muciya don mamaki, sannan ta kau da kai. Sailuba ta gaishe ta har ƙasa, ta roƙi su shiga ɗaki. Hadiza ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya kore ta.

Sailuba ba ta yi dogon bayani ba. Ta ajiye mayafi, ta ɗaga rigarta. Tabon ya taso daga ƙasan ƙirji har cibiya, ja, mai kauri, ga sawun zare a gefe da gefe, fatar cikin ta taru a ƙasansa kamar zanen da ba a goge ba.

"Innalillahi..." in ji Iya.

"Yanka ni aka yi, Iya. Zuciyata ce ta kusa tsayawa. Sun rage mini ciki, loma uku yake ɗauka, in na ƙara sai ya dawo." Hawaye suka kece mata. "Wallahi ina mafarkin dambunki. Ban taɓa tsoron hannunki ba."

Tsohuwar ta matso, ta ɗora yatsunta masu ƙanshin hayaƙi a kan tabon, ta bi shi a hankali har ƙarshe.

"Zuwa yaushe?"

"Har abada."

Tunda ta fara, sai ta ƙarasa. Ta gaya mata likita ya ce kada ta ɗauki ciki sai bayan shekara biyu. Ta ga yadda maganar ta sauka a fuskar matar da ke da ɗa ɗaya a duniya. Iya ta janye hannunta, sannan ta ce ta rufe jikinta ta tafi gida. Ko ruwa ba a ba ta ba.

Kafin magariba Hadiza ta raba labarin gida-gida. Abin da Malam ya ji tsoro ya faru: aka yi ta maganarsa a majalisu, wasu dattawa biyu suka daina zuwa karatunsa. Ya daina amsa gaisuwar Sailuba. Nasidi bai zo ba, bai aiko ba. Kwana shida ta yi a ɗaki tana lissafin abin da ta zubar da hannunta: ga uba, ga miji, ga sirrinta a bakin 'yan kasuwa. Ko loma ukun ma ta daina cikawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka ce ana sallama da ita. Nasidi ne, da babbar rigarsa ta masallaci, ya rame shi ma, riƙe da ɗan ƙulli a tafin hannu.

"Ni kika ɓoye wa," ya ce, bai ko zauna ba. "Ni da na ce yadda kike nake son ki."

"Yadda nake ɗin ne yake kashe ni, Nasidi."

"Na sani yanzu. Kwana shida ina fushi da ke... na bakwai na rasa inda zan ajiye fushin." Ya durƙusa ya miƙa mata ƙullin. "Iya ta ce ni zan riƙa kawowa daga yau."

Ta kwance ɗankwalin. Wani ɗan kwano ne na tasa, bai fi tafin hannu ba, duk gefensa ya loɓe. Da shi aka yaye Nasidi, Iya ta tono shi daga ƙasan adaka. A ciki dambu ne, an jiƙa shi da romo har ya yi laushi, an auna shi daidai.

"Ta ce kwanonta ba ya dawowa da saura. Ta kuma ce shekara biyu ba ta kai shekara goman da ta jira kafin ta same ni ba."

Sailuba ta sa hannu. Ɗaya. Ta tauna a hankali, yadda aka koya mata. Biyu. Gishirin hawayenta ya haɗu da na dambun Iya. Uku. Ta suɗe yatsa, ta share gefen kwanon tas kamar da.

An kawo lefe bayan mako biyu, aka ɗaura aure a ranar da aka sa. Malam da kansa ya ba da ita, amma sai da aka shekara kafin ya sake kiran sunanta yadda ya saba, kuma jikinta bai taɓa daina jin sanyi ba.

A waccan Juma'ar dai, Nasidi ya karɓi ɗan kwanon ya juya shi a hannu. Bai ɗaure shi a ɗankwali ba. Haka ya ratsa birni da shi a buɗe, har Ƙofar Kuyambana, don duk mai ido ya ga babu saura.