Masu Gida a Cikin Kwamfutar Baba

Rana ta kusa faɗuwa na je tasha karɓo saƙo a hannun direban Kontagora. Katin girafik ne na kwamfuta, mai sarrafa hoto, na hannu, an naɗe shi a jarida kamar tsire. Shi kaɗai nake jira. Na riga na sayi ram, mai ƙara wa kwamfuta sauri, da sabon akwatin raba wuta, don tsohon ba zai ɗauki katin ba.

Tun da na gama bautar ƙasa na dawo Zuru, ni kaɗai ne a gidanmu. Baba soja ne, ya rasu a bakin aiki. Yaya Hannah tana aure a Kaduna. Mama kuwa ina ƙarami ta rasu, abin da ya rage mana nata wani gajeren bidiyo ne na bikin Uhola. Tana rawa cikin mata, fuskar dishi-dishi. A jami'a na koyi yadda ake sa na'ura ta fito da irin wannan fuska tangaran, in dai akwai kati mai ƙarfi. So nake in ga uwata, don na fara manta kamanninta.

Na fito da tsohuwar kwamfutar Baba daga ɗakin ajiya, inda ta yi shekaru ba a taɓa ta ba. Inna Larai, maƙwabciyarmu mai masa, ta leƙo ta katanga.

"Filimon, mi kaka yi da kayan babanka da almuru?"

"Sabon rai zan sa mata, Inna."

"Abin da ya daɗe a rufe ba ya rasa masu shi. Ka ce musu gafara tukuna. Ko ruwan zafi ba a zubarwa haka kawai."

"Haba Inna, ƙarfe ne fa da waya."

"To, ɗan boko. Sai da safe."

Na shiga ɗaki, na kwance murfin. Na zaci ƙura zan tarar. Ciki fes, kamar yanzu aka share. Wani ƙamshi ya taso, irin na ɗakin mai jego. A ƙasa, daidai inda katin zai zauna, an shimfiɗa audugar rimi, tsakiyarta ta ɗan lotsa.

Na ce ɓera ne. Na ture audugar gefe, na danna katin ya ce ƙat, na haɗa wayoyi, na ɗaure murfi tamau. Na ta da janareta.

Ta kama! Na yi tsalle, na waiwaya don in nuna wa wani, babu kowa. Na sa bidiyon, aiki ya fara. Fankokin katin suka ɗauki kuka, iska mai zafi tana dukan ƙafata. A kan allo goshin Mama ya fara fitowa. Sai girarta.

Gyare suka yi shiru a waje.

Cikin ƙarar fanka na ji wata ƙara, siririya. Na kara kunne. Kukan jinjiri ne.

Daga cikin kwamfutar.

Ƙwas. Ƙwas. Ana buga murfin ta ciki.

"Kashe," in ji wata murya a bayana, ta mace, ƙasa-ƙasa. "Ɗana yana ciki."

Wuyana ya ƙi juyawa. Hannuna yana kan wayar wuta, fizga ɗaya ce. Amma idanun Mama sun fara buɗewa a kan allo.

"Saura kaɗan," na ce da raɗa. "Don Allah."

Kukan ya ƙaru. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin.

Sai ya tsaya.

Janareta ya mutu. Allon bai mutu ba.

Hannu mai sanyi ya sauka a ƙeyata, yatsun dogaye, har suka zagayo maƙogwarona.

"Ka ga taka uwar?" in ji ta.

Ban san yadda na fita ba. Na dai ji gwiwata ta daki katanga, na faɗa kan murhun Inna Larai, toka a bakina. Ta ja ni ciki, ta rufe ƙofa, ta yi ta addu'a a kaina. Ni ma na yi tawa. Ba ta ce ai na gaya maka ba.

Da safe ita ta fara shiga, tana sallama tana ba da haƙuri. Murfin yana ƙasa, kusoshinsa a jere. Audugar babu. Shatin yatsu bai bar wuyana ba har bayan girbi.

Kwamfutar tana aiki lafiya har yau, katin ko ɗumi ba ya yi. Bidiyon ma ya fito tangaran, kowace mace ana ganin fuskarta har da gumi. Mama ce kawai ta juya baya. Na duba na wayata, haka. Na kira Yaya Hannah ta duba nata, ta duba, sannan ta fashe da kuka.

Kullum da yamma nakan kunna shi, in zauna. Tana rawa. Ba ta juyowa.