Labarin Da Ya Fara Daga Maƙabarta

Rahinatu na tankaɗe a tsakar gida, rediyon Inna Zalika na rataye jikin rumbu. Ranar ce Ilyasu, malamin lakwal, wato makarantar boko ta Gangara, wanda ake kira Mushe kamar sauran malaman boko, wanda kuma ya kawo goron neman aurenta, zai fara karanta labarin da ya rubuta a gidan rediyon ƙauye.

Muryarsa ta fito a nutse: "Ranar da na binne ki, ban yi kuka ba..."

Inna ta saki ludayi.

— Innalillahi! Wa ya binne?

— Labari ne fa, Inna!

— Labari ba "wata yarinya", ba "wani sarki"? "Ki" ya ce! Wace mace gare shi in ba ke ba? Ya binne mini ɗiya da ranta, duk ƙasar Damargu na ji!

Kafin magariba maƙwabta sun cika gidan, kowa na cewa mugun fata ne. Baba Yakubu ya ce a mayar wa mutane goronsu.

Rahinatu ta durƙusa, hawaye na zuba.

— Baba, a bari ya kai ƙarshe. In ba ku gamsu ba, ni da kaina zan kai goron.

— Na ba ki zuwa yankan gero.

Da Ilyasu ya zo zance, ya kasa ɗaga kai.

— Pardon, Rahina, yi haƙuri. Bari in sake shi, in fara daga farko kamar kowa.

— Kar ka taɓa ko harafi. Ni ma ban gane shi ba tukuna, amma na san ka.

Ta sha ba'a! In ta je rijiya sai ƴanmata su ce, "Ku ba da hanya, gawar Mushe ta zo ɗibar ruwa!" Ta yi ta haɗiyewa.

Inna kuwa, da ta rantse ba ta ƙara saurare, kullum ita ke fara murɗa rediyo. Ashe labarin baya yake tafiya. Matar da aka binne tsohuwa ce tukuf, jikoki kewaye da ita. Mako-mako furfura na raguwa, ƴaƴa na komawa goyo. Aka zo shekarar fari, mijin ya bar mata furarsa ya ce ya ƙoshi. Ranar ƙarshe ga su saurayi da budurwa, yana ƙofar gidansu da goro, gabansa na faɗuwa.

Inna ta goge ido da gefen zane, ta dubi Baba.

— Malam, ashe tsufa yake roƙa mata a ɗakinsa! Mu muka tsaya a kabari.

Baba ya yi murmushi ya ce a sa rana.

Da Ilyasu ya zo godiya, Inna ta harare shi.

— Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma in za ka sake kashe wani a rediyo, ka fara sanar da uwarsa!

Rahinatu ta rufe fuska tana dariya, zuciyarta cike da hamdala. Wanda ya yi haƙuri ya ji magana har ƙarshe, ba ya rasa masoyinsa a banza.