Garin Kuɓewa da Asuba

Hantsi bai gama ɗagawa ba, hadari ya riga ya haɗu ta gabas baƙi ƙirin, lokacin da Alhaji Abdulkabir, dillalin shanu, ya shigo ofishin 'yan sanda ko hula babu a kansa. An ɗauke masa saniya mai tsohon ciki daga turke, can ƙauyensu kusa da Dawakin Tofa.

Sufeto Hashimu ya ba shi kujera, ya ƙi zama. Alhajin ya ce jiya likitar dabbobi ta duba saniyar, ta ce ɗan bai kwanta daidai ba, in naƙuda ta zo babu mai taimako, uwa da ɗa duk za a rasa. Har ya ji tana waya ta faɗi wata kalmar Turanci, wai "imminent".

"To wannan kalmar ce sa'arka, Alhaji," in ji Sufeto.

Ya ce Turawa sun aro ta ne daga wani tsohon harshe, Latin, asalinta abin da ya sunkuyo a kan mutum, kamar katangar da ta karkace. Ba a faɗarta ga abin da ke nesa, sai wanda ya iso bakin ƙofa, irin hadarin nan. Saniyar da haihuwarta ta kai haka ba ta yin nisa, ko wa ke janta.

Sufeto ya ɗauki Kofur guda, suka bi Alhaji ƙauyen a mota. A turken, ba yanke igiyar aka yi ba, kwance ta aka yi, aikin wanda ya saba da dabba. Sawun ya ratsa gonar dawa, ga inda ta durƙusa, ga inda ta sake durƙusawa, sannan ya ɓace kusa da gidan Kamaruddeen mahauci.

Kamaruddeen ya tare su a ƙofa da doguwar riga. Ya rantse a Rijiyar Zaki ya kwana, dawowarsa ke nan.

Sufeto bai musa ba. Ya tsallaka wajen Inna Aina'u mai ƙosai, maƙwabciyar mahaucin, ya tarar tana mita. Wai da asuba mahaucin ya buga mata ƙofa yana neman garin kuɓewa.

"Kwano cike, ɗan nan. Gwauron da ko tukunya ba shi da ita. Na ce ko walima zai yi ne?"

Sufeto cikin shanu ya tashi. Ya san yauƙin kuɓewa ake shafawa a hannu in za a juya ɗan maraƙi a ciki. Ya koma wajen Kamaruddeen.

"Naɗe hannun rigarka, Malam."

Yauƙi ya bushe masa har kafaɗa. Kafin ya haɗa wata ƙaryar, wani siririn kuka ya taso daga ɗakin baya.

Suka shiga, ga saniyar na tsaye tana lasar ɗanta. Alhaji ya zauna a ƙasa, ya dafe kai, yana ta hamdala a hankali.

"Ni na ɗauke ta, yallaɓai," in ji Kamaruddeen. "Sayarwa zan yi, sai ta durƙushe mini. Na kasa barinta ta mutu."

Sufeto ya ce zai faɗi wannan ma a gaban alƙali. Kofur ya tasa shi gaba zuwa mota.

Yayyafi ya fara. A tsakar gidan ga kilishin mahaucin a shanye kan asabari. Sufeto ya kwashe shi ya kai ɗaki, ya jawo ƙofar, ya bi bayansu.