Sauka Ka Tura

"Kowa ya kwanta! Madam, ina kuzar?"

Da rana tsaka ne, a wani shagon sayen ma'adinin kuza da ke bayan unguwar Naraguta. Ashraf, ogan tawagar, ya ɗora wa Madam Suzana bindiga a goshi. Lukuman na bakin ƙofa da adda. Mustapha na waje cikin wata akwalar mota, ƙafarsa a kan totur.

"Ga ta can, ku ɗiba," in ji Madam. "Amma don Allah ku bar mini sikelina."

Su ukun nan 'yan unguwar Dilimi ne, sun sha rantsuwa cewa mutuwa ce kaɗai za ta raba su. Lukuman ya fi kowa yarda da zancen. Ko tsire ya saya sai ya kasa uku.

Komai sun tsara, ban da nauyi. Buhun kuza ɗan mitsitsi ne, ka ce da hannu ɗaya za ka ɗaga, amma sai ya nemi ɓalla maka ƙugu. Ga Ashraf da haɗama.

"Ƙaro wani!"

"Oga, motar ta zauna fa," in ji Mustapha.

"Kai ne ka zauna! Lukuman, ƙaro!"

Suka fizgi mota. Madam ta fito da gudu, ɗankwali a hannu.

"Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!"

Masu haƙa suka yi ta fitowa daga ramuka, wani da shebur, wani da diga.

Saura ƙiris motar ta gama hawan da zai kai ta babban titi, sai ta yi tari — ta mutu!

"Lukuman, sauka ka tura!" Ashraf ya daka tsawa.

"Ni kaɗai?"

"Wa ya kai ka ƙarfi, mutumina? Kai ne namijin cikinmu!"

Wayyo Lukuman! Har murmushi ya yi. Ya ajiye addar, ya dira, ya kafa kafaɗa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Mota ta haye tudu, ta gangara, ta kama — vuuum!

"Ku tsaya! Oga! Ban shiga ba!"

A cikin motar Mustapha ya dubi madubi. "Mu jira shi?"

"In ya shiga sai mun jefar da buhu," in ji Ashraf. "Wanne za ka jefar?"

Mustapha ya ƙara wuta.

A can hanyar jami'a, Sajan Okwudili na cikin motar sintiri, labarin fashin ya iso musu, ga babbar motar dankali ta tare musu gaba.

"Danna jiniya!" ya ce wa direba. "In jama'a suka riga mu, gawa za mu kwasa."

Sun kuwa riga su. A ƙofar wani shagon faci suka tarfa Lukuman. Dutse a baya — ya kifa! Kafin ya ɗago an yi masa rumfa.

"A kawo taya! A kawo fetur!"

Mai facin kuwa Rwang ne. Benci ɗaya suka zauna da Lukuman a firamare. Da Lukuman ya fara wannan harka ya zo ya tallata masa, Rwang ya ƙi, har ya yi masa faɗa. Tun daga nan Lukuman ya daina gaishe shi, in ya wuce sai ya ce ga matsoraci can yana shan ƙurar taya.

Rwang ya leƙa ya ga fuskar. Ya zura sarƙa cikin tayoyinsa kaf, ya datse kwaɗo, ya wurga makullin cikin kududdufi. Sannan ya kutsa taron ya kwanta a kan Lukuman.

"Ba mai ƙona mutum a ƙofana! Na kira polis, suna hanya!"

"Tashi, Rwang! Ɓarawo ne!"

"Na sani! Nawa ne!"

Gora ta sauka a hannunsa — ƙas! Wasu suka huce a kan injin iskarsa, suka yi masa kaca-kaca. Bai tashi ba har jiniya ta iso.

Ashraf da Mustapha ma ba su yi nisa ba. Motar ta karye a wani rami, aka same su suna kokawa a kan buhu. Kafin a tambaye su suka haɗa baki: Lukuman ne oga, shi ya kawo aikin, bindigar ma tasa ce.

Da Sajan ya gaya masa haka a ofis, Lukuman ya yi dariya da fasasshen leɓe.

"Dabararku ce, oga. Mutanena ba za su faɗi haka ba. Ni kuma ba na cin amanar aboki."

"To, sannu da amana. Ga wani a waje yana son ganinka. Hannunsa a ɗaure, shagonsa a rushe, amma ya kawo maka abinci, gwate a kula."

"Wane ne?"

"Rwang."

Lukuman ya haɗe rai, ya juya fuska bango.

"Wanda ya kira mini 'yan sanda? Ka ce masa ba na magana da maciya amana."

Sajan ya juya zai fita.

"Oga," in ji Lukuman, "ka ce ya bar kular."