Murfin Kwalbar Marigayiya

Jikata Radka ta dangwarar da kwanon miyar tafarnuwa a gabana har ta fantsalo, ta ce saurayinta Lubor ya samu aiki a birnin Plzen, kafin sanyi zai tafi, ko da ita ko ba ita.

Na ce Allah ya kiyaye hanya.

"Kaka... saboda murfin kwalba?"

Murfin kwalba, in ji ta! Ni Vendelin, wanda ya fara hura gilashi tun bai iya ɗaura takalmi ba, wanda wutar masana'anta ta cinye wa gira, ambaliya ta ɗauke masa rabin gida, likita ya yanke masa huhu guda amma shi ya halarci jana'izar likitan. Ban zauna a aji ba, amma duk garinmu Novy Bor ba mai shuɗin gilashi irin nawa. Shuɗin kobalt nake nufi, mai duhun nan da in rana ta ratsa shi sai ka ji kamar ka sha. Kofuna, tuluna, fitilu, kabad uku cike.

A tsakiyarsu akwai 'yar kwalbar turaren matata marigayiya, ba murfi. Ambaliya ce ta tafi da shi. Bayan shekaru na hango shi a kasuwar tsofaffin kaya, ina miƙa hannu sai ga hannun Otiliya, tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta tana yi wa kofunan masana'antarmu zane. Ta saye shi a kan idona. Na roƙa, na yi tayin musaya da tulu biyu, ta ce ita ma shuɗi take tarawa, kuma tana son ganin bakina a buɗe kamar kwalbar.

Lubor kuwa jikanta ne. Duk samarin garin nan, sai shi Radka ta gani.

Ni na raini yarinyar nan tun iyayenta suka rasu, ta kuma ce ba za ta shiga coci ba sai hannunta na cikin nawa. Ni kuma na rantse a gaban mutane: ranar da murfin nan ya zauna a kwalbarsa, a ɗaura aure. Sau biyu ana ɗaga bikin. Yaron ya zo ya gyara mini rufi, ya faskara itace, yana ce mata "zinariyata" a ƙofar gidana kamar ba ni da kunne. Na ce masa itace ba murfi ba ne.

Ranar nan Radka ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge kofunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce to shi ke nan, za ta zauna ta tsufa da su, in na mutu a jera ta a kabad. Na kasa shan miyar.

Ran Lahadi sai ga Otiliya da sandarta, Lubor a bayanta. Ta ajiye ƙullin hankici a tebur.

"Ga shi, tsohon taurin kai. Ba don kai ba. Yaron nan ya daina cin abinci."

Na ce dama na san za ta gaji. Na ɗauko kwalbar.

Irin wannan murfi, a bakin kwalbarsa ake goga shi da lallausan yashi har su kama juna. Kowane da tasa, ba ya zama a wata. Na kwance ƙullin, na saka murfin. Ya shiga, sai na ji ya yi ɗan rawa a ƙarƙashin yatsana.

Ba shi ba ne. Duk shekarun nan, duk rantsuwar nan, ba shi ba ne.

Na ɗaga kai. Radka ta riƙe hannun rigar Lubor, ko numfashi ba ta yi.

"Kaka... ya zauna?"

Na danne shi da babban yatsa, na ɗaga kwalbar saitin taga har shuɗin ya zubo mata a fuska.

"Ya zauna daram. Ni na taɓa kuskuren gilashi?"

Ta rungume ni har huhuna guda ya nemi tsayawa. Otiliya ta sunkuyo kamar tana duba zane, ta raɗa mini cewa tun ranar kasuwa ta san ya yi siriri, ta ce in ci gaba da dannewa har a fito daga coci.

An yi biki, ni na kai ta har gaban fada, limamin cocin, kowa ya ce ba a taɓa ganin kaka mai tafiya irin tawa ba. Kwalbar tana nan a tsakiyar kabad. In baƙo ya ce murfin ya ɗan karkace, sai in ce masa daɓen gidan ne, tun ambaliya.