Hayaƙi a Gefen Taurari Uku

Shekarar da aka ce jirgin ƙasa ya iso Kano, Rahamatu ta kai nono kasuwar Maigatari. Nan Ubale, wani manomi daga Gumel, ya sha ludayi biyu, ya biya, ya kasa tafiya.

Zuwansa na uku rugarsu, bayan magariba, yana tafe yana waiwayenta ya yi karo da turke ya kife. Abin nema ya samu ga Cindo, makiyayin da ya daɗe yana sonta. Ya bi ruga yana cewa Ubale dundumi gare shi, rana na faɗuwa ba ya gani.

"Wanda kura za ta ɗauki maraƙi a gabansa, ba zan ba shi 'ya ba," in ji Bappa, ƙanen mahaifinta da ya riƙe ta.

Kwana uku Rahamatu ba ta ci abin kirki ba. Sai Adda, yayarta, ta dawo daga kasuwa da saƙon Ubale: "Ki gaya wa Hasken Idona, idona lafiya lau. Ita ta kayar da ni."

Ta mayar masa: "Ka zo ka faɗa wa Bappa. Tsoro nake ji."

Ya zo ran Alhamis, ana tsananin ɗari. Bayan isha'i Bappa ya tsayar da shi da Cindo a bakin garke don ya gwada idonsu. Rahamatu na laɓe bayan bukka.

Tsohon ya nuna gabas, inda taurari uku suka jeru. "Me ke gefensu na dama?"

"Ƙanana uku," Cindo ya yi caraf.

Ubale ya ƙura wa wurin ido har Rahamatu ta fara fidda rai.

"Uku ne, Bappa. Amma na tsakiyar bai fito tas ba. Kamar hayaƙin murhu daga nesa."

Cindo ya kece da dariya. "Kun ji ko! Dishi-dishi yake gani!"

Rahamatu ta toshe baki kada kukanta ya fito.

Bappa ya daɗe yana kallon sama.

"Ashe hayaƙin yana nan. Da shi babana ya gwada idona kafin ya ba ni sandar kiwo. Shekara goma rabon da idona ya iya hango hayaƙin."

Kafin ɗarin ya wuce aka ɗaura aure. Ran kai amarya Bappa ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Kai kuma Ubale, duk shekara ka riƙa duba mini hayaƙin nan."