Kazar da Ba a Yanka Ba

Khaulat ta tsaya a ƙofar zaure da kaza a hammata, ranta a ɓace.

Ranar kasuwar Ɗanbatta ce, maza duk sun watse, mace kuwa ba ta yanka. Inna na kwance da zazzaɓi, ta ƙi tuwo, shi ya sa Khaulat ta ƙudura yi mata romon kaza irin na mutanen Meziko da ta gani a waya. Har ta dafa wake, ta gurje ɗanyar masara.

Namiji ɗaya ya rage, yana maimai a gonar da ke kallon gidansu. Sha'aban ne, wanda ta daina kulawa tun da ƙawarta Aina'u ta rantse cewa ita ma ya kai mata kyautar kaza. Yau kuma Baba ya ce in ya dawo, ta faɗa masa ko a mayar da kayan neman aurenta da Sha'aban ya kawo.

"Malam... zo ka yanka mana."

Ya ajiye fartanya ya ƙaraso. "Yau na koma Malam?"

Ya karɓi kazar, sai ya ga jan zare a ƙafarta.

"Khaulat! Wannan ai wadda na ba ki ce."

"Ai ba ni kaɗai ka ba."

"Aina'u? Cewa ta yi kakarta ba lafiya, shi ya sa na ba ta. Wallahi ke kaɗai ce a raina!"

Ya saki kazar, ya wuce gida, ya dawo da zakaransa yankakke.

Kunya ta rufe ta, don ta san kakar ta yi jinya da gaske.

Ta soya albasa da tumatir da attaruhu, ta zuba naman ya dahu, ta kawo wake da masara da karas, a ƙarshe ta matsa lemun tsami. Inna da ke cewa bakinta ba ɗanɗano sai ga ta tana neman ƙari.

Da yamma Baba ya leƙa kwanonsa.

"Wace irin miya ce wannan babu tuwo?"

Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Kazar mai jan zare na kiwo a gefen tabarmarsa.

"To, Khaulatu, a mayar masa da kayan?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Baba... ai zakaransa kake ci."